Yadda Goggo Dije Ta Zaɓa Mana Masauki a Kano

Duk wanda ya san Goggo Dije ya san ba ta shiga ɗaki a tsaye. Da ta yi sallama ta cire takalmi, sai ta durƙusa a bakin ƙofa, ta kwantar da kai tana leƙen ƙarƙashin gado da bayan randa. Baƙi sukan zaci gaisuwa ce, har su ce, "Haba Goggo, tashi mana, ai mu ya kamata mu durƙusa miki." Ita kuwa reza take nema, ko maganin ɓera, ko allurar da ta faɗi. Cewa take babba daga sama yake kallon ɗaki, yaro kuwa abin da ke ƙasa shi zai kai baki. Yayar mahaifina ce, kuma sunan mahaifinsu aka sa mini, shi ya sa Babana take kirana, ko da faɗa za ta yi mini.

Wata shekara da gero ya yi kyau, na yi wa yarana alkawarin idan an ba da hutu a firamaren da nake koyarwa a Tsanyawa, zan kai su Kano mu yi kwana biyu, su ga namun daji, uwarsu Rabi ta shiga kasuwa. Ummi tana da shekara shida lokacin, Sadiƙu huɗu, Nana kuwa ta fara tafiya ke nan. Na samo wani otal a waya, ina ta alfahari, har na kai wa Goggo ta ga hoton ɗakin.

Ta riƙe wayar nesa da ido, ta daɗe tana kallo.

"Wa ya ɗauki hoton nan?"

"Masu otal ɗin, Goggo."

"To ai shi ke nan. Yaushe za mu tafi?"

"Mu? Ai ni da Rabi da yara ne."

"Kai da Rabi da yara da ni."

Ranar tafiya ta riga mu zuwa tasha, da tabarmarta da butarta da ƙulli uku: daddawa, kuka, gyaɗa.

Da muka isa otal ɗin, wata budurwa ce a bayan kanta take karɓar baƙi. Goggo ta gaishe ta, ta tambayi iyayenta, ta tambayi ruwa da gajiya, sannan ta jera mata ƙullin nan uku a gabanta.

"Hajiya, nan otal ne, ba a kawo tsaraba," in ji yarinyar.

"Ke ba kya miya?"

Yarinyar ta karɓa da hannu biyu. Aka kawo mana ruwan sanyi, aka hau da mu bene na uku. Ɗaki tsaf, gado kamar a hoto, Rabi har ta fara kwance goyo. Goggo ta yi durƙusonta, ta tashi, ta buɗe ƙofar baranda. Ta kira Sadiƙu, ta ware yatsu ta auna kansa, ta je ta auna tsakanin ƙarafunan barandar. Yatsun suka wuce har da saura. Ta leƙa ƙasa, sai ta hango wurin ninƙaya, ruwa shuɗi fal, ba katanga ba komai.

Ta juya wajen ma'aikacin da ya rako mu. "Wa ya haƙa wancan ramin bai yi masa marfi ba?"

"Hajiya, ai na wanka ne. Baƙi suna son sa."

"Baƙin da ba su haihu ba. Babana, ɗauki jakarka."

A ƙasa ta tsaya wajen budurwar nan, ta ɗauke gyaɗa da daddawa, ta bar mata kuka. "Ba mu kwana ba," ta ce, "amma mun sha ruwa."

A cikin adaidaita sahu na fara ƙunƙuni, cewa an kunyata ni gaban mutane. Ina cikin yi sai na tuna abin da mahaifina ya taɓa gaya mini, cewa ɗan Goggo na fari, tun kafin a haife ni, rijiyar lambu ya faɗa yana rarrafe. Ban taɓa jin ta ambace shi ba. Na haɗiye sauran maganar.

Na ce to mu tafi gidan Alhaji Bala, ɗan ƙanen mahaifina da ke sayar da atamfa a birni, wanda ya sha cewa gidansa gidanmu ne. Aka karɓe mu da murna, matarsa Hajiya Binta ta kawo shinkafa da kaza, ta ce ɗaki a gyare yake. Sai dai falon nan kujeru farare ƙal, tebur na gilas, ga wasu furanni na tangaran a jere. Sadiƙu ya gama da cinyar kaza ya goge hannu a kujera.

"Ba komai, ai yara ne," in ji Hajiya.

Nana ta dafa tebur ta ja furen tangaran, Rabi ta cafe shi a iska.

"Ba komai."

Ummi ta zubar da zoɓo a kafet. Wannan karon da ƙyar muryar Hajiya ta fito, amma dai ta ce ba komai.

Goggo ta wanke hannu, ta miƙa mata gyaɗa, ta sa albarka. "Dama gaisuwa muka zo, Binta. Allah ya bar zumunci."

A waje na ce, "Goggo, mutanen nan fa sun gyara mana ɗaki."

"Sau uku ta ce ba komai tun ba mu yi sallar azahar ba. Kafin jibi sai ya zama komai. Ni so nake mu ci gaba da gaisawa da su."

La'asar ta kusa, Nana tana kuka, Sadiƙu ya yi barci a cinyata, Ummi tana tambaya ko gida za mu koma ba ta ga zaki ba. Rabi ta juya kai tana kallon titi. Gaskiya na fara tunanin tasha. Mai adaidaitan, wani dattijo da tun safe yake dariyarmu a ɓoye, ya ce shi ya san wani masauki da fatake ke sauka da iyalansu, sai dai ba shi da kyan gani.

Ba shi da kyan ganin kuwa. Fenti ya koɗe, ɗakuna a ƙasa a jere kamar na makaranta, tsakar gida da bishiyar mangwaro da akuya a ɗaure. Mai wurin, Malam Iro, yana zaune a benci yana gyaran fanka. Goggo ta shiga ɗaki ta durƙusa, ta fito da murfin kwalba guda ɗaya ta miƙa masa, ya karɓa ya ba ta haƙuri. Ta je ta taɓa tankin ruwa ta ga da kwaɗo a murfin. Ta ja ƙofar gida ta ga sakatar ta fi ƙarfin hannun yaro. Sannan ta dawo ta tsaya a gabansa.

"Malam, in yaro ya yi kuka fa?"

"Ya samu abokai, Goggo. Ɗakin can ma akwai yara biyu."

"In ya yi fitsari a katifa?"

Ya nuna bayan ɗakuna da sukudireba. "Mu fitar rana. Ga biyu can a shanye."

Goggo ta kwance daddawa ta ɗora masa a benci. "Babana, shigo da kaya."

Kwana biyu muka yi a nan, kuma ban taɓa ganin Rabi ta huta haka ba. Yara suna ta gudu a tsakar gida, ba mai cewa bari. Mun je mun ga namun dajin, muka tarar da zaki yana ta barci, ko kunne bai motsa ba. Goggo ta dube shi ta ce shi ma da alama ya dace da masauki. Da muka dawo Tsanyawa malamar su Ummi ta tambaye ta me ta gani a birni, ta ce akuyar Malam Iro. Mu da muke da awaki bakwai a gida.

Daminar bara Goggo ta kwanta, kwana tara kawai. Ana gobe za ta rasu na zauna kusa da ita, yara suna kan tabarmarta suna shanye mata kunu. Ta kamo hannuna ta ce, "Babana, ka sake kai su birni, kar ka bari don ba na nan. Amma ka bar wa Rabi zaɓin wuri. Kai ka riƙe jaka." Na yi dariya, ita ma ta yi, har tari ya sarƙe ta.

Allah ya ji ƙan Goggo Dije, ya gafarta mata, ya yalwata makwancinta. Allah ya sada ta da ɗanta a gidan Aljanna, mu kuma ya kyautata namu ƙarshen. Amin.