Gurbin Baba a Waƙa ta Uku

Ranar wata Juma'a a tsakiyar watan Yuli, ina 'yar shekara goma sha ɗaya, Babana ya sallami amininsa daga gidanmu saboda jita. Jita dai da kuka sani, mai tsirkiya shida. Muna zaune a ƙasa a falonmu na unguwar Mesaimeer a Doha, an shimfiɗa leda, tuwon shinkafa da miyar taushe suna ta tururi, eyakwandishan yana gurnani yana kokawa da zafin waje. Kawu Sale ya zaro wani faifan sidi sabo fil, ya miƙa wa Baba da hannu biyu yana murmushi har kunne. Baba ya saka, waƙa ta farko ta wuce yana gyaɗa kai, ta biyu ta wuce yana taɓe baki. Ana zuwa tsakiyar ta uku ya miƙe da miya a hannunsa, ya danna maɓalli, faifan ya fito. Ya ce, "Khalas, ya isa, Sale. Ɗauki abinka." Kawu Sale ya wanke hannu, ya sa takalmi, ya fita bai ko taɓa naman ba.

Sai na koma baya kaɗan kafin ku gane girman abin, amma ba zan ja ba, ni ba na son dogon zance.

Babana, Bitrus, gyaran eyakwandishan yake yi a wani kamfani, Mama kuma nas ce. Daga Jos suka zo da ni ina goye, ƙanwata Hanatu a nan aka haife ta. Gidan da muka tashi babban gida ne da aka rarraba da katako, mu a sama, 'yan Indiya a ƙasa, wani iyali 'yan Sudan a ɗakin baya. Aikina na farko kowace safiya shi ne tara ruwa a bokitai kafin rana ta ɗaga, don da hantsi ruwan tankin saman gida ya isa dafa ƙwai. Sai shanya a kan rufi, wadda ke bushewa kafin ka gama maƙala ta ƙarshe, sai ban ruwa ga yakuwar da Mama ta shuka a tsofaffin bokitan fenti tana lallaɓa ta kamar jaririya. Wasanmu a matakalar bene yake, don waje ba ya takuwa. Mu zana layuka da alli a kan tayil mu yi ta tsalle da ƙafa ɗaya ni da Hanatu da 'yan matan da ke ƙasan bene, muna faɗa da Turanci da Larabci da Hausa a haɗe, har maƙwabciya ta leƙo ta ce yalla kowa ya shige gidansu.

Juma'a kuwa daban take. A nan ranar muke zuwa coci, don ita ce ranar hutu. Mu dawo Mama ta ɗora tukunya, Kawu Sale ya sauko daga masallaci ya biyo kai tsaye gidanmu. Injiniya ne, mutumin Zariya, iyalinsa suna gida Najeriya, shi kaɗai yake zaune. Ba ɗan'uwanmu ba ne na jini, amma tare suka yi makarantar koyon sana'a da Baba, gado ɗaya sama da ƙasa, kuma shi ya yi wa Baba hanyar zuwa Doha. In an ci an ƙoshi rana ta yi sanyi, ya kwashe mu a motarsa zuwa kasuwar Souq Waqif mu kalli tsuntsaye, ya saya mana ayis kirim, ya riƙa tsokanar Hanatu wai zai musanya ta da aku don akun ya fi ta shiru. Mako gaba ɗaya ranar nake jira.

Amma kafin a fita, sai an saka kaset. Wannan doka ce.

Kaset ɗin na wasu makaɗan rok ne, Turawa masu dogon gashi na zamanin da ba a haifi ko Mama ba. Baba da Kawu Sale sun naɗe shi suna samari daga wani faifan garmaho da suka aro. Wanda muke ji ma jikan jikan na farkon ne, don duk sanda ɗaya ya fara tsufa sai Baba ya juye shi a sabo. In zaren ya harɗe, ni ce mai naɗe shi da biro. Yana da shuu a ƙarƙashi kamar ana soya albasa a ɗaki na gaba, mu kuma mun ɗauka haka ake kiɗa.

Abin da ya fi komai a kaset ɗin shi ne waƙa ta uku. A tsakiyarta mawaƙin yakan yi shiru, komai ya janye, a bar ganga da wani kiɗa mai kauri a ƙasa suna tafiya su kaɗai, kusan minti ɗaya da rabi. Baba yana kiran wurin gurbi. Yakan ɗaga yatsa ya ce, "Kun ji? Nan ne gwanintar. Sun san sanda za su yi shiru su bar wa mai sauraro wurinsa." Daga nan sai ya cika gurbin da kansa. Ya lumshe ido ya fara fito, wani salo da ya ƙirƙira tun yana saurayi, yana hawa yana sauka yana karkacewa, kullum iri ɗaya, ba ya kuskure ko ɗigo. Mama ta fito daga kicin tana buga ludayi a murfin tukunya, ni na rungumi tsintsiya ina kaɗa ta kamar jita, Hanatu ta yi ta juyi har ta faɗi. Kawu Sale kuma ya zauna yana tafi yana dariya, wata irin dariya da sai daga baya na gane ma'anarta. Ban taɓa ganin Babana, mutumin da ke dawowa aiki riga jiƙe da gumi ba ya ko iya magana, cikin farin ciki kamar a wannan minti ɗaya da rabi ba.

To, faifan da Kawu Sale ya kawo, wannan kiɗan ne dai, amma an sake fitar da shi bayan wasu ƙwararru sun koma kan tsofaffin naɗe-naɗen sun sake haɗa sautin. An wanke shuu ɗin tas, kana jin numfashin mawaƙin. Kuma da aka zo gurbin Baba, babu gurbi. Wata jita ce ta shigo tana kuka tana ihu daga farko har ƙarshe, ta cika wurin maƙil. Baba ya riga ya tattara leɓe zai yi fito, iskar ta tsaya masa a baki. Ya ce yaran zamani sun samu kwamfuta sun ɗauko wani ɗan iska ya yi hauka a kan aikin manya. Kawu Sale ya ce a hankali, "Bitrus, jitar nan fa tun asali tana nan." Baba ya ce, "Wato kunnuwana ƙarya suke yi shekara talatin ke nan?" Sauran kun riga kun ji.

Juma'a uku Kawu Sale bai zo ba. Babu tsuntsaye, babu ayis kirim, Mama tana dafa tuwon mutum biyar bisa sabo a yi ta kallon ragowar. Kaset ma ba a saka ba. Baba ya koma yaƙi a intanet. Ya gano wani dandali na masoyan makaɗan, kuma da yake da yatsa ɗaya yake danna kwamfuta, ni ya mayar sakatariya. A nan na ga cewa ba Babana kaɗai ke da wannan ciwon ba. Tsofaffi daga ko'ina a duniya suna ta cacar baki. Wasu na cewa sabon ya fi, yanzu ne suka ji kiɗan kamar suna cikin ɗakin. Wasu na cewa an ɗaga ganga ta danne murya, wasu na cewa an wanke dattin da shi ne daɗin abin, wani ma ya rantse ba zai bari faifan ya shiga gidansa ba. Baba yana jin ire-iren waɗannan sai ya buga cinya ya ce, "Yauwa! Rifkatu, rubuta masa na gode." Sannan ya sa na rubuta nasa ƙorafin, cewa babban laifin shi ne jitar da aka cusa a waƙa ta uku.

Washegari da hantsi na buɗe, na tarar da amsoshi. Masu son sabon da masu ƙinsa, mutanen da ba su taɓa yarda da juna a kan komai ba, duk sun haɗu a kan abu ɗaya: babu wanda ya ƙara jita. Wani ya yi bayani da ladabi cewa a tsohon faifan an ajiye jitar gaba ɗaya a lasifikar hagu, sabon ne ya dawo da ita tsakiya, ya shawarci Baba ya duba lasifikarsa.

Ni ba mai haƙuri ba ce, tun ina yarinya. Ban jira kowa ba, na ɗauki wayar Mama tana barcin dawowa daga aiki, na kira Kawu Sale. Ko gaisuwar kirki ban yi ba na ce, "Kawu, wa ya cinye jitar Baba?" Sai ya fashe da dariya har da tari. Ya ce, "Ni ne, 'yar gidana." Ashe ranar da suka naɗi kaset ɗin, wayoyi biyu ne ke fita daga garmahon, ja da fara. Farar ta tsinke, mai faifan kuma yana tsaye yana jiran abinsa. Baba ya fita sayo batir, Kawu Sale ya jona jar kaɗai ya danna, ya ce ai kiɗa kiɗa ne. Sai bayan shekaru ya ji cikakken a wani wuri ya gane ɓarnar da ya yi. Na ce to me ya hana shi faɗa? Ya ce, "Rifkatu, ke kin ga fuskar babanki in yana fiton nan. Ta yaya zan ce masa abin da ya fi so a duniya ganganci na ne?" Ya kawo faifan ne yana zaton Baba zai gano da kansa su yi dariya. Na ce, "To ni dai na gaji da cin ragowar tuwo. Ka zo Juma'a ka faɗa masa, in ba haka ba ni zan faɗa, kuma ka san ban iya sassautawa ba."

Ya zo. Ya yi sallama, ya zauna a bakin ledar kamar baƙo, ya ajiye wata 'yar waya fara a gaban Baba, sabuwa a cikin ledarta, wai a shagunan Asian Town ya tsaya ya saya. Ya ce, "Ga sauran kiɗanka, Bitrus. Na ɗan makara." Ya kwashe labarin duka ya faɗa, kansa a ƙasa. Baba ya ɗauki wayar yana juya ta, ni kuma na ɗauka na ƙarasa kashe abin. Can sai kafaɗunsa suka fara rawa. Ya yi dariya har ya kwanta a kan kafet, hawaye na zuba, yana nuna Kawu Sale yana cewa, "Injiniya! Wai injiniya! Waya biyu ta gagare ka!" Mama ta ce in sun gama su zo su ci, miya ba za ta jira tsofaffin yara ba.

Ranar an saka duka biyun. Baba ya saurari jitar daga farko har ƙarshe hannu a haɓa, ya yanke hukunci cewa yaron ya iya, ba laifi, amma ya cika surutu. Aka mayar da kaset, gurbi ya zo, ya yi fitonsa da ƙarfin da bai taɓa yi ba, Kawu Sale ya karɓe ludayin daga hannun Mama. Har muka isa Souq Waqif suna musu a mota, kuma ba su daina ba duk Juma'ar da ta biyo baya.

Yanzu Baba da Mama sun koma Jos tare da Hanatu, Kawu Sale yana Zariya, kaset ɗin yana cikin akwati a can babu abin da zai kunna shi. Ni na tsaya a nan da kafil ɗina, wato mai tsaya mini a takardun zama, ina aiki a wani shagon kayan waya, ina sayar wa mutane irin wayoyin nan ja da fara ba tare da sun san me ya sa nake murmushi ba. A wayata akwai tsohon haɗin da sabon, duk tsaf babu shuu, kuma na ga an sake fitar da wani na uku, tsofaffin dandalin sun sake ɗaura ɗamara. Ban shiga ba. A motar ma'aikata in za mu tafi aiki, nakan kunna tsohon, in waƙa ta uku ta kai tsakiya sai in zare iyafis ɗin kunnen hagu. Jitar ta ɓace, ganga ta ci gaba ita kaɗai. Wurin Babana yana nan, ba wanda ya taɓa shi.