Aikin Hannu da Idon Hagu

Minti-Biyar muke ce masa, domin duk agogon da ka kai masa, ko a cikin ruwa ya kwana, zai ce ka dawo nan da minti biyar. Shagonsa manne yake da nawa. Ni ina aski, shi yana gyaran agogo, katako ɗaya ne tsakaninmu. In ya yi atishawa ni ke ce masa sannu.

A hannun kawunsa ya koyi sana'ar. Ya yi aure, ya haifi 'ya'ya mata biyu, ya aurar da su, matar ta rasu, bai sake aure ba. Mutum ne mai kunya ta fitar hankali. Ko singileti zai canja sai ya rufe shago.

Sai ido ya fara ba shi matsala. Ɗan noti zai faɗi a gabansa, ya yi ta laluben tebur. Wata rana ya saka wa agogon wani direba batir a juye, ya kuma rantse agogon ne ya mutu. Masu kawo gyara suka fara wuce shi, ga shi ba shi da wata sana'ar.

Na ce mu je asibitin ido, ya ce gajiya ce. Babbar 'yarsa ta zo har shago ta yi kuka, ya ce gajiya ce. Shekaru muna wannan ja-in-ja, ni kuwa ba gwanin haƙuri ba ne. Ran da ya yi karo da bencina ya kifar min da ruwan sabulu, na kashe injin aski, na bar wani bawan Allah da rabin aski, na ja shi a hannu sai asibiti.

Likitar mace ce, ba ta wuce sa'ar 'yarsa ba. Ta haska masa fitila a ido, ta ce, "Baba, kana yawan aikin hannu ne?"

Sana'arsa take tambaya. Minti-Biyar ya sunkuyar da kai.

"Dama na san za ki gani," in ji shi.

"In ga me?"

"Tun ina saurayi ne. Da na yi aure na bari. Da ta rasu abin ya dawo."

Ni ina tsaye riƙe da hularsa. Na rasa inda zan ajiye idona, sai na karance allon haruffan gwajin ido na bango, tun daga babba har ƙarami.

Likita ko gezau. Ta ce, "Biyan buƙata da hannu kake nufi?"

Ya gyaɗa kai. "An ce yana cinye ido. Ni na jawo wa kaina, shi ya sa ban zo ba."

"Wa ya ce?"

"Kowa."

"To kowa bai karanci ido ba. Baba, ba ya makantarwa, ba ya ƙarar da ƙarfin namiji, ba ya taɓa ƙwaƙwalwa. Maza da mata da yawa suna yi, lafiyarsu ƙalau. Da yana makantarwa, da layin da ka gani a waje ya kai tasha. In ya hana mutum aiki ko zama da iyali, wannan magana ce daban. Halal da haram kuma ka tambayi malaminka, ba ofishina ba ne. Kai hawan jinin ido ke damunka."

Ta gama gwaje-gwajenta, ta yi masa bayani dalla-dalla. Idon dama za a riƙe shi da maganin ɗigawa, safe da yamma, har iya rayuwa. Na hagu ya riga ya tafi, ba ya dawowa. Da ya zo tun farko, da duka biyun an riƙe.

Muka hau motar komawa. Ni haushi ya cika ni, tausayinsa ya fi haushin. Sai da muka kusa sauka ya ce, "Ashe ba hukunci ba ne."

Na ce, "Ba hukunci ba ne."

"Da hukunci ne da ya fi min sauƙi. Sai in ce na biya wani abu da shi."

Ya rufe idon dama da tafin hannu, ya juyo ta wajena.

"Mai aski, kana nan?"

Na ce ina nan.