Ranar da Goggo Ta Ƙi Yabon Ɗanta

Ko tsufa ya ci min tunani, ba na jin zan manta ranar da na je garin Waca ɗaukar muryar Goggo, ƙanwar babana, domin wani alƙali a Amurka.

Ɗanta na fari yana lodin tsofaffin motoci daga can zuwa Kwatano. Aka samu na sata a ciki, ya san da su ya yi shiru. Da yake kayan sun tsallake iyakar ƙasa, kotun tarayya ce ta karɓi shari'ar, ba ta jihar ba. Ya amsa laifinsa, saura alƙali ya yanka masa shekarun kaso. Lauyarsa, mai jin Faransanci, ta kira ni ta ce kafin hukunci alƙali kan saurari dangi, in aiko da bidiyon uwar tana faɗin kyawawan halayensa. Ina aikin rediyo a Magarya, na ɗauka abin wasa ne. Na manta cewa ɗan fari ne.

Na kafa salula a tsakar gida na ce, "Goggo, fara da sunansa."

Ta dube ni. "Kai, a rediyon ne suka cire maka kunya?"

"Shekaru ne fa a kansa, Goggo."

"To, in yabi abin da na haifa? A tambayi maƙwabta."

Na lallaba, na roƙa, har na rubuta mata kalmomi. Ta juya wa salular gefen fuska tana ɓarar gyaɗa. Can ta ce, "Gaya wa alƙalin ina gaishe shi da aiki. Wancan ya yi laifi, ban ce bai yi ba. Amma gonar ubansa na nan, ni kuma ƙarfina ya ƙare." Ba ta ƙara ba.

Na koma ina ganin mun kashe shi. Na so in yanke wurin laifin, aikina ne kullum. Lauyar ta hana. Ta ce in fassara komai, har faɗan da aka yi min, in bayyana cewa a wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, balle ta yabe shi.

Ranar hukunci ina gidan Goggo, ya cika tun azahar. Bayan la'asar salula ta yi ƙara, na ɗauka. Lauyar ta ce alƙalin ya kalli bidiyon, ya ce ya sha jin iyaye suna rantsuwa 'ya'yansu ba su taɓa laifi ba, wannan kuwa ta gaya masa gaskiya, don haka ya yarda da ita game da gonar. Zaman da ɗan nata ya yi a tsare ya isa, za a maido shi gida.

Ban gama fassara ba guɗa ta tashi. Maƙwabta suka ɓarke da rawa, wani tsoho ya jefa hularsa sama ta maƙale a rumbu, ni kaina na yi tsalle da takalmi ɗaya. Goggo ta zubar da gyaɗarta kaf a ƙasa, ta sunkuya tana tsinta, ta daɗe ba ta ɗago ba. Sannan ta ce, "A gyara ɗakin nan na ƙofa, an ce baƙo zai zo."

Tun daga ranar, idan na ɗauki muryar mutum, nakan yi hattara da abin da zan yanke. Wurin da na so in jefar, shi ya buɗe ƙofar kaso.