Bakan Kujerar Don Casimiro

A shekarar 2009 kwamfuta ta shiga shagon kafintocin gidan Ampié a nan Masatepe. Nemesio, ɗan autan gidan, shi ya ɗauko ta daga Managua, babban birnin ƙasarmu, a kan cinyarsa cikin motar haya. Na koyar da shi a aji huɗu na firamare, kuma tun a lokacin littafin lissafinsa ya fi cika da zanen kujeru fiye da lambobi.

Mahaifinsa Casimiro, wanda muke kira don Casimiro saboda girmamawa, shekara arba'in ya yi yana ƙera kujerar lilo. Masu ƙera ta suna da yawa a garinmu, amma tasa daban ce: idan ka tura ta sau ɗaya, sai ta daɗe tana kai da kawowa, ba ƙara, ba ta ja da kai a kan tayil, kuma komai kishingiɗarka ba ta kifar da kai ta baya. Sirrin yana cikin baka, wato lanƙwasasshen katakon nan guda biyu da kujerar ke tsaye a kansu. Tsohon bai taɓa rubuta awonsa ba. Abin da yake da shi kawai wani siririn fallen katako ne da ya gada daga ubansa, wanda aka yanka daidai siffar bakan. Yana rataye a ƙusa, ya yi baƙi da gumin hannu. A kansa ake ɗora sabon katako a bi gefensa da fensir.

Nemesio bai iya zarto kamar yayarsa Auxiliadora ba, wadda kowa ke kira Chilo, amma ya iya zane. Ya koya wa kansa manhajar gyara hoto. Yakan zana kujera gaɓa-gaɓa, ya shimfiɗa mata jijiyoyin katako, ya sa mata ƙyallin fenti da inuwa a ƙasa, har mutum ya ji kamar ya zauna. 'Yan garinmu da ke aiki a Costa Rica suka fara ganin hotunan a waya, suna aiko da saƙo a ƙera wa iyayensu mata. Aiki ya buɗe.

Wata rana na je karɓar wani benci da na ba su gyara, na tarar da tsohon a bayan ɗansa yana leƙen allon kwamfutar.

"Kai, mai hannun auduga, wannan kujerar taka ana zama a kanta kuwa?"

"Baba, ita ce ta kawo mana aiki shida a makon nan."

"To, ka ce mata ta zo ta taya yayarka goge katako." Ya juyo gare ni. "Malama, ke kika lalata shi. Da kin riƙa zane shi, da yanzu ya san nauyin guduma."

Duk muka yi dariya. Amma na lura tsohon ya daɗe yana kallon hoton, ya nuna bakan da ɗan yatsa kamar zai yi magana, sai wani mai saye ya yi sallama, tsohon ya fita wajensa.

Don Casimiro ya rasu a 2012. Bayan wata uku 'ya'yansa suka yanke shawarar share gaban shagon su mai da shi wurin baje kaya. Nemesio ya ɗauki hoton kowane falle da ke bango, na baka da na sauran gaɓoɓin kujera, ya shigar da su kwamfuta, ya bi layinsu ya zana su fes. Gara ta riga ta ci wasu. Chilo ta tsaya da na bakan a hannunta.

"Ka tabbata yana cikin akwatin nan naka?"

"Yaya, yana ciki, har ya fi wannan kyau."

"Ba kyau na tambaye ka ba, autan Baba."

"Yana ciki."

Ran Lahadin nan tsofaffin fallayen suka shiga murhu a ƙarƙashin tukunyar miyar tumbi. Ni ma an aiko mini da kwano.

Tsohon ya bar yankakkun bakuna masu yawa, saboda haka ba a gane kome ba sai da suka ƙare bayan wata takwas. Nemesio ya buga zanensa a babbar takarda, Chilo ta yanka ta harhaɗa. Da ta zauna ta gwada, kujerar ta yi ta rarrafe da ita har bakin ƙofa, da ta kishingiɗa kuwa sai da ta kama bango.

Daga baya Nemesio da bakinsa ya bayyana mini abin da ya faru. Bakan mahaifinsa ba lanƙwasa ɗaya ba ce santal. Wajen baya akwai inda ta ɗan miƙe, kamar tsawon tafin hannu, kuma nan ne kujerar ke tsayawa ta dawo. Da ya ga wurin a allo, sai ya ɗauka lalacewar tsufa ce, ya ja layin ya daidaita shi. Tun zanensa na farko haka yake yi, kuma shi ne abin da tsohon ya nuna da yatsa. Hotunan asali kuwa ya goge su da ya gama, don a ganinsa sun yi duhu.

"Malama, na gyara wa Baba kuskure," in ji shi, yana kallon ƙasa.

Ya ɗauki kwali da fensir ya shiga gida-gida, duk inda aka ce akwai kujerar don Casimiro. Yakan nemi izini, ya kwantar da ita a gefe, ya bi bakanta da fensir. Ya tara kwali sama da talatin, babu biyu da suka zo daidai. Kujerun da aka yi da bakunan ƙarshe da tsohon ya yanka sun tafi ƙauyuka masu nisa, ba a rubuta inda suke ba. Na cikin gari kuma tayil ya cinye bakunansu, kowace bisa ga yadda mai ita ke zama. Tawa ma ya zo ya auna. Ya shafa bakan hagu, ya yi ɗan murmushi.

"Malama, kin fi karkata hagu."

"Taga tana hagu. Shekara ashirin ina duba littattafanku a nan."

Chilo ba ta taɓa yi masa gori a gabana ba. Ta gwada yanka sau da yawa bisa abin da hannunta ya tuna, ta samu wanda ba ya kifar da mutum, suka tsaya a kansa.

Yau Nemesio yana da shekara arba'in da bakwai. Shi ke zana wa shaguna biyar na garin nan hotunan kayansu, kuma ba ya taɓa layin kowa sai ya tambayi mai shi. Shagon Ampié yana nan yana sayar da kujeru masu kyau, sai dai sukan ɗan ja a kan tayil, masu saye kan shimfiɗa musu tabarma. Kwalayen nan suna rataye a ƙusar da fallen yake a da.