Tarin Abokin Ɗakina

A rediyon mai shayin ƙofar jami'a muka ji sanarwar an rufe makarantu saboda korona. Kafin azahar ɗakunan kwanan ɗalibai sun fara zama kango. Ni gidanmu yana nan Damagaram cikin Birni, kabu-kabu kawai zan hau. Abokin ɗakina kuwa ɗan Gidimuni ne, muna shekarar ƙarshe ta digirin lisans tare, kuma yana da ciwon fuka tun yana yaro. Na saba da tarinsa har ba na jin sa.

Na raka shi tasha ya shiga motar hiyas. Da la'asar ya kira ni a talho, muryarsa a shaƙe. Wai kafin Mirriya tari ya taso masa, fasinjoji suka yi ca, direba ya tsaya ya sauke shi da jakarsa a bakin hanya.

"Na nuna musu maganin shaƙata, wallahi ko kallo ba su yi ba," in ji shi. Mai amalanke ne ya kai shi cikin garin Mirriya, washegari ya ƙarasa gida.

Labarin ya riga shi isa. Maƙwabta suka daina shiga gidansu, a bakin tafki ma idan ya je taya mahaifinsa ban ruwa sai mutane su ja baya. Gurup ɗinmu na aji a talho, inda da ake tura darasi, ya koma wurin sanarwar rasuwa: liman a Zango, wata ungozoma, kawun wane. Kullum "Allah ya jiƙansa" a jere. Shi bai cika magana a ciki ba.

Cikin azumi maganinsa ya ƙare. Na ce ya zo Damagaram a duba shi.

"In zo da wannan tarin? Killace ni za su yi. In na mutu ko wanka ba za a bar tsohona ya yi mini ba."

Na yi ta lallashi, ya ce sai bayan salla.

Yayarsa ce ta turo saƙon murya a gurup, da talhonsa. Numfashi ya sarƙe masa da hantsi, kafin a samo mota rai ya yi halinsa. Na ɗauki takalmi zan tafi ta'aziyya, Baba ya tare ni a zaure.

"Ina da ciwon suga, ka sani. Ka yi masa addu'a daga nan."

Na zauna.

Da aka buɗe jami'a da damina, muna zaune nesa da juna da takunkumi, malaminmu ya kira mu biyu mu gabatar da aikin da ya ba mu tun kafin rufewa. Ba wanda ya gaya masa. Na tashi ni kaɗai.

"Ina abokin aikinka?"

Wata ɗaliba ce ta amsa daga bayan aji, ta ce ya rasu. Malam ya cire tabarau, ya daɗe yana goge shi da bakin riga, sannan ya ce in fara. Na karanta nawa rabin, na karanta nasa.