Mai Wankin Kwanson Harsashi

A shagon injinan wanki na garinmu, nan Montana ta Amurka, wani dattijo yana zaune gaban injin da ke ƙara kamar ana zuba tsakuwa a kwano. Ba tufafi yake wankewa ba, kwanson harsashi ne, irin wanda maharba ke sake cikawa da albarushi, ya ɗura cikin safa. Maɓallan rigarsa a karkace suke, gemunsa ma gefe ɗaya ya fi tsawo. Amma kwanson da ke cinyarsa, kowanne sai ya matse shi a bakin ƙarfen awo yana kanne ido. Wanda ya ɗara 'yan uwansa da kaurin silin gashi, sai ya ture shi gefe yana girgiza kai, kamar ɗan da ya kunyata shi. Ina zaton matarsa ce ta hana shi injin gida.

Loretta mai shagon ta fito. "Bawan Allah, za ka lalata min inji!"

"Yi haƙuri, 'yar uwa, saura ɗauraya."

"Duk wannan wahalar, barewa nawa ka harbo bana?"

Ya dube ta a firgice, ya rungume kwansonsa.

"Harbi? Kin san yadda harbi ke ɓata musu tsawo kuwa?"