Wata Huɗun da Aisami Ya Ƙi Jira

Duk mai cin kasuwar Gure a shekarun nan ya san yayana Aisami mai canji, zaune gindin aduwa, sulen Ingilishi a dama, tammar Faransa a hagu. Kowa na yabon wayonsa. Ni Kaltumi, da na san abin da wayon nan ya ja mana, har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Da Nasara suka ce kowace unguwa ta ba da yaro lakwal, wato makarantar boko, kowa ya ɓoye nasa. Babanmu Fannami ya ba da Aisami, bisa alkawarin da bulama, mai unguwarmu, ya yi masa: muddin yaron na karatu, ba za a ɗauki kowa a gidanmu aikin dole na hanyar mota ba. Shekara biyar hankalinmu kwance, har karatu ya kai shi Damagaram.

Saura wata huɗu ya gama, ya zo gida Salla. Sai ga Hammajoda, wani makiyayi, ya sayar da shanu a Nguru an biya shi da sule, lanho kuwa, harajin Nasara, sai da tamma ake karɓa. Aisami ya nemo masa canji, ya ci riba yana zaune. Shi ke nan, lakwal ta fita ransa.

Na ce, "Yaya, wata huɗu ne fa!"

Ya ce, "Lokacin lanho ba zai jira ni ba. In na gama ma me zan zama? Magatakarda, ina rusuna wa Baturen mulki, kumandan, har in mutu."

"To, Baba fa?"

"Bulama ya manta da zancen nan."

Bulama da mantuwa! Mutumin da ya san yawan kajin kowa. Mako bai zagayo ba aka kira Baba ɗaukar dutse, da furfurarsa. Aisami ya rugo da kuɗi cikin hula, wai a sa wani a madadinsa. Baba ya ture hular ya ce, "Ni na ƙulla alkawari, ni zan je." Taurin kai dai a gidanmu gado ne.

Bayan wata biyu Baba ya dawo, bayansa bai ƙara miƙewa ba. Aisami kuwa ya samu, ya yi aure, ya tara raƙuma. Kullum yana aiko da hatsi da nama, Baba na ci. Amma shekara tara da ya ƙara a duniya bai sake kiran sunansa ba. In ya ji sallamarsa a ƙofa, sai ya ce mini, "Kaltumi, kawo wa baƙo ruwa."